Ranar da Gwaggo Ta Fito da Beseech

A shekarun da na yi a Dubai na ji Turanci kala-kala. Akwai na 'yan Indiya mai gudu kamar an biyo shi, akwai na 'yan Filifin mai laushi, akwai na Larabawa da ake tsarma masa yalla da khalas, ga kuma namu na Kano da muke ja da ƙarfin hali. Duk na saba da su, babu wanda ya taɓa hana ni barci. Wanda ya sa na nemi wurin ɓuya na rasa shi ne Turancin Gwaggo.

Gwaggo ba 'yar'uwar mahaifina ba ce, babu ma jini tsakaninmu. Aminiyar mahaifiyata ce tun suna 'yan mata a kwalejin horon malamai, lokacin da akwai sauran Turawa masu koyarwa. Ta daɗe tana shugabar makarantar firamare, da ta yi ritaya kuma zama ya ishe ta, sai ta shiga saro kaya. Takan zo Dubai ta sayi abaya da mayafai da turare, ta sauka a wani ƙaramin otal a Al Buteen inda 'yan kasuwar Kano suka mayar gida. Gwiwarta ta dama ta daɗe da yi mata tawaye, don haka da sanda take yawo, kuma sandar ta fi yin aikin nuna mutane a kan aikin dogarawa.

Turancin da Turawan nan suka ba ta ta riƙe shi yadda aka ba ta, ko ƙura ba ta bari ta hau shi ba. Direban tasi ba ta ce masa ya yi sauri, sai dai ya ji “Make haste, young man.” Ya waiwayo ya dube ni, ni kuma in ce masa yalla, sannan motar ta motsa. Ni da na yi digiri da Turanci, kullum muka haɗu sai ta gyara mini magana. Cewa take namu na yanzu Turancin 'yan tasha ne, ba shi da gaisuwa ba shi da sallama.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin kayan gyaran mota a Ras Al Khor, ni ke lura da shigar kaya da fitarsu a rumbun ajiya. Kamfanin yana da doka guda da ko mai gadi ya haddace: babu mai tafiya hutu a ƙarshen Disamba, domin lokacin ake ƙirga duk abin da ke rumbun, daga injin mota har ƙusa. Shekarar da ta gabaci korona kuwa sai mazan gidanmu suka zauna a Kano suka sa ranar auren ƙanwata a daidai wannan makon. Ba wanda ya tuna ya tambaye ni. Sai a waya na ji, ana yi mini albishir.

Mu biyu rak mahaifiyarmu ta bari, ni da ita, kuma tana sakandare aka yi rasuwar. Tun daga ranar ni ce yayar ni ce uwar. Ɗaurin aure na maza ne, ko babu ni za a ɗaura. Amma akwai yammacin da za a kai yarinya gidan mijinta, a kama hannunta a damƙa wa dangin miji a ce ga amana. Ƙanwata ta faɗa mini tana kuka cewa in ba ni ce na kama hannun nan ba, babu inda za ta taka. Ni ma ban ga wadda zan bar wa ba.

Manajanmu mutumin Kerala ne, Kirista, siriri mai tabarau, ba mugu ba ne amma ba ya son dogon zance. Na hau ofishinsa na ce ina son hutu a ƙarshen Disamba, akwai biki a gida. Ko kai bai ɗago ba. Ya ce kowa yana da biki a Disamba, shi kansa ya manta rabonsa da yin Kirsimeti a garinsu. Na ce to, na gode, na juya na sauko. Ni Allah bai yi ni da roƙo ba. Idan na tambaya sau ɗaya aka hana ni, na gama, ko da abin zai ci ni a ciki. Ya kuwa ci ni, domin barin aikin ba dabara ba ce: bizata a jikin aikin take, gadon amaryar da kujerunta ma daga nan suke fitowa.

Ran Juma'a, da yake ba aiki, na je na ɗauko Gwaggo zuwa ɗakina a Abu Hail na tuƙa mata tuwo da miyar kuka. Tana cikin ci na ba ta labari. Ta ajiye lomar da ta ɗauko.

“Me kika ce masa?”

“Na ce ina son hutu, akwai biki.”

“Sai kuma me?”

“Sai ya ce a'a, na fito.”

“A tsaye kika faɗa?”

“Gwaggo, ofis ne fa. A kwance zan faɗa?”

Ta yi mini kallon da take yi wa 'yan aji uku. Ta ce abin da na yi sunansa ask, kuma ask ai tsakanin tsara da tsara ne, kamar ka ce wa na kusa da kai ya miƙo maka gishiri. Wanda aka yi wa ask yana iya cewa a'a ya ci gaba da shan shayinsa. Na ce to so take in je in yi masa beg? Ta ce Allah ya kiyaye, beg na wanda ya zubar da mutuncinsa ne ya taka. Sannan ta wanke hannu, ta gyara zama, kamar mai shirin fito da gwal daga jaka.

“Akwai ta uku,” in ji ta. “Beseech.”

Ta faɗe ta a hankali, tana jan tsakiyarta. Ta ce wannan roƙo ne na mai mutunci, wanda ya zo da girmansa cikakke ya ajiye shi a gabanka da hannunsa, don kai ma ka ji nauyi. Ta ce wata Baturiya ce ta koya musu ita, mai koyar da su karatun littattafan da, kuma tun daga lokacin take adana ta kamar zanen ƙasan akwati. Ba a fito da ita don ragin kuɗin mayafi. Ba a yin ta ta waya. Kuma mutum ba ya yi wa kansa ita, sai dai a yi masa. A duk aikinta, in ji ta, ba ta fito da ita ba sai ranar da aka so rufe ajin 'yan mata a makarantarta, da ranar da aka so korar wani malami mai iyali.

Ni kuwa da ba na barin ta-kwana, na jawo waya na duba ƙamus. Ma'anar tana nan kusa da yadda ta faɗa, roƙo da naci da ƙanƙan da kai. Sai dai an rubuta a gefe cewa tsohuwar kalma ce, yanzu sai a littafi da wurin ibada. Na karanta mata da ɗan murmushina.

“Ta tsufa, Gwaggo. An daina amfani da ita.”

“Wa ya daina?”

“Turawan da kansu.”

“Su suka sani. Ni da suka ba ni ba su ce in dawo musu da ita ba. Ni ma na tsufa, an daina amfani da ni ne? Ƙaro mini miya.”

Daga nan ba ta sake tayar da zancen ba. Ta tambaye ni dai sunan unguwar da muke aiki da kalar ƙofarmu, na faɗa mata, na ɗauka hira ce.

Ran Lahadi da hantsi, ranar da mako ke farawa a can a wancan lokacin, ina tsakiyar aiki mai gadi ya kira ni. Ɗan Nepal ne, mai fara'a. Ya ce, “Madam, danginki sun zo.” Na ce ba ni da dangi a Dubai. Ya ce, “Madam, suna da yawa.”

Su uku ne, amma na gane abin da yake nufi. Gwaggo ce a gaba cikin leshi mai nauyi irin na zuwa ɗaurin aure, da ɗauri ya kai kamu guda. A bayanta wata Hajiya mai saro gwal da suke otal ɗaya, wadda duk Turancinta bai wuce yes da how much ba. Sai Alhaji mai kago, wanda ke tura musu kaya gida, cikin babbar riga da hula, riƙe da ƙullin goro. An taho da shi ne domin a ƙa'idar Gwaggo ba a zuwa roƙo babu namiji mai hula.

Na ce, “Gwaggo, na shiga uku. Me ya kawo ku?”

Ta ce, “Matsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Dokar rumbun ita ce duk mai shiga sai ya sa rigar nan ruwan ɗorawa mai ƙyalli da hular kwano. Na yi murna, na ce a raina nan za a watse. Ina! Gwaggo ta zura rigar a kan leshi, ta ɗora kwanon a kan ɗauri, ya zauna can sama yana lilo. Hajiya ta tambaya ko akwai wata kalar. Alhaji ya ce shi tun da ya balaga bai taɓa cire hula a gaban wani namiji ba, don haka ya kifa kwanon a kan hular. Haka suka shiga a jere, ma'aikata suna buɗe musu hanya.

Ofishin manaja a sama yake, sai an hau matakalar ƙarfe. Gwaggo ta dubi matakalar, ta dubi gwiwarta, ta aika mai gadi ya ce wa maigidan baƙi na sallama. Shi ya sa duk abin da ya biyo baya a tsakiyar rumbu aka yi shi, tsakanin kantar birki da tulin batura, a gaban duk wanda nake ba umarni kullum.

Manaja ya sauko da sauri yana gyara tabarau. Da ya ga Alhaji sai ya ɗauka manyan masu saye ne daga Afirka, ya washe baki. Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu ya shiga gaisuwa, Gwaggo tana fassarawa ba ta tsallake ko ɗaya. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aiki, yaya zafi, yaya muka ji da haƙuri da jama'a. Da aka zo kan gajiya manaja ya ce shi bai gaji ba. Alhaji ya ce madalla, ya sake tambayarsa iyali. Aka miƙa masa goro, ya karɓa yana juya shi, ya tambaya ko samfurin kaya ne. Na buɗe baki zan yi bayani, sandar Gwaggo ta sauka a kan takalmina.

“Wanda ake roƙa wa ba ya magana. Koma baya ki sunkuyar da kai.”

Na koma. Ta gyara tsayuwa, ta ɗaga haɓa yadda take yi a gaban taron ɗalibai, ta ce:

“Sir, we are not come to ask. We are come to beseech you.”

Abin da ban zata ba, mutumin ya san kalmar. Ya ja da baya taku ɗaya, murmushin ya ɓace. Ya ce wannan kalma a coci ya san ta, a bakin kakarsa, kuma bai taɓa jin an faɗa wa wani ita ba sai Ubangiji. Ya ce shi manajan rumbu ne kawai, don Allah ta nemi wata.

Gwaggo ta ce, “Astagfirullah.” Sannan ta bayyana masa da Turancinta mai sitaci cewa ya kwantar da hankalinsa, ba ta ɗauke shi kowa ba. Allah ana roƙonsa sau biyar a yini, ba sai an shiga mota an zo masa da goro ba. Ɗan Adam ne mai wuyar sha'ani, shi ake yi wa takakkiya. Alhaji da bai ji ko kalma ɗaya ba ya shafa fuska ya ce amin. Hajiya ta ce, “Yes, habibi.”

Sai a nan manaja ya hango ni a bayansu, ya gane inda aka dosa. Fuskarsa ta koma ta ofis. Ya yi bayani cikin ladabi cewa doka ce, ba shi ya kafa ta ba, kuma in ya ba mutum ɗaya gobe kowa zai zo masa da kakarsa. Gaskiya ya faɗa. Na ga direbanmu ɗan Pakistan yana kallon Gwaggo da idon mai lissafin kuɗin jirgin tasa kakar.

Gwaggo ta bar shi ya gama. Sannan ta sassauta murya ta faɗa masa abin da ni ban faɗa ba. Ta ce ba hutu ta zo nema wa yarinyar nan ba, ba kuma rawa za ta je yi ba. Ta ce uwarsu ta rasu, ita ta wanke ta da hannunta. Ta ce a garinmu ba a barin amarya ta shiga gidan baƙi ita kaɗai, sai uwa ta sa an kama hannunta an kai ta, kuma wannan da ke tsaye a baya tana cika tana batsewa, ita ce ta rage.

Wallahi na ji haushi. Shekara da shekaru ina aiki a wurin nan babu wanda ya san cikina, ga shi an shanya ni a gaban masu dakon batir. Idona ya ciko, na rasa na haushi ne ko na mene ne.

Manaja ya dube ni. “Me ya sa ba ki faɗa mini ba?”

Na ce, “Ba ka tambaya ba.”

Sandar ta sake samun takalmina.

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce ya ji, kuma ya tausaya, amma ta yi haƙuri, abin ya fi ƙarfinsa, sai dai in ya rubuta wa na sama ya ji abin da za su ce. Duk wanda ya yi aiki a kamfani ya san ma'anar wannan. Gwaggo ma da ta yi aikin gwamnati ta fi kowa sani. Ta miƙa wa Hajiya sandarta, ta tattare leshinta, ta durƙusa a kan simintin.

Ƙarar da gwiwar ta yi, har mai tuƙa motar ɗaga kaya ya ji ya kashe inji. Hular kwanon ta faɗo ta gangara ƙarƙashin kanta. Na yunƙura zan kama ta, ta ɗaga mini hannu.

Manaja ya rikice. Ya ce a garinsu in tsohuwa ta durƙusa wa yaro, yaron ba ya gamawa lafiya. “Mama, please, tashi. Mama, don Allah.” Ta ce ba ta tashi sai da amsa. Ya waiga hagu ya waiga dama, bai ga mai ceto ba, sai kawai shi ma ya zube a gabanta, yana ƙoƙarin ya fi ta yin ƙasa. Alhaji ya ga maigida a ƙasa, ya ga bai kamata a bar shi shi kaɗai ba, ya tattara babbar riga ya tsuguna. Hajiya ta bi sahu tana riƙe da sanda. A duk filin nan ni kaɗai na rage a tsaye, ni da ake roƙa wa, kamar ni ce mai kamfanin.

Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka a haka ba. Na dai ji muryarsa daga ƙasa yana cewa khalas, shi ke nan, in tafi, mako guda, shi zai zauna a kujerata da kansa, na sama kuma ya san abin da zai gaya musu. Gwaggo ta yi masa godiya da wata doguwar jimla mai ado, ta sa masa albarka, ta sa wa kakarsa. Alhaji ya ce amin, wannan karon a inda ya dace. Kowa ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa, ban da mutum ɗaya.

Manaja ya ce, “Mama, na amince fa. Tashi.”

Ta yi masa murmushi, ta juyo gare ni ta yi ƙasa da murya, da Hausa: “Ke, zo ki ɗaga ni. Ƙafar ta ƙi.”

Ni da Hajiya muka kama, muka ja, ko gezau. Alhaji yana gefe yana ba da umarni, shwaiya shwaiya, wato a hankali, don ba zai taɓa matar mutane ba. Mai motar ɗaga kaya ya tayar da inji ya matso da niyyar taimako, kallo ɗaya ta yi masa ya sake kashewa. A ƙarshe manaja ya hau sama da gudu ya sauko da kujerarsa mai taya. Da ƙyar muka ɗora ta, shi ya tura ta da kansa har bakin ƙofa, tana zaune tana ɗaga wa ma'aikata hannu. Ya ce in raka su, yau na tashi.

Muka shiga motar Alhaji muka hau babban titi. Gwiwar ta kumbura har ana gani ta cikin zane. Alhaji ya so ya gyara zama, ya ce ai durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, in ka tashi ka miƙe da tsawonka.

“In ka iya tashi ba,” in ji Gwaggo.

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Na samu abin da nake so, amma zuciyata tafasa take yi, kuma na kasa riƙewa.

“Gwaggo, me ya sa? Mutumin nan kin haife shi. Da girmanki da ciwonki ki zube a kan siminti a gaban lebura? Da na san haka za ki yi, da ban faɗa miki ba.”

Ba ta dube ni ba. Tana kallon taga tana murza gwiwar a hankali, har yanzu da rigar nan mai ƙyalli a jikinta, an manta ba a karɓa ba.

“Ke kina ganin don ke na yi?” ta ce. “Da uwarki tana da rai ita za ta zo, kuma da ta ɓata abin, don ba ta taɓa iya Turanci ba. Tun muna aji ɗaya ni nake yi mata aikin gida, da safe ta zo ta karɓa ta kwafe, ko godiya babu.”

Ta sa bakin mayafi ta goge ido.

“Na yau ne dai ba za ta zo karɓa ba.”